Abin da aikin malamin gona ya koya min game da tarihin ƙauye

Aikina auna gonaki ne da rajistar manoman shinkafa a ƙauyukan fadamar Argungu, tun bayan da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a 2015 aikin ya ƙaru sosai, a lokacin kowa na son sunansa ya shiga. A makaranta an koya mana taki da iri da maganin feshi da yadda ake riƙe na'urar GPS, amma babu malamin da ya ce mana duk wanda zai auna fadama a ƙasar Kabi sai ya san tarihin garin da fadamar take, in ba haka ba wallahi rigima kawai zai haddasa ya tafi ya bar mutane da ita.

Fadama ba ta da shinge. Da damina ruwa ya rufe komai, in ya janye sai ka ga fili ɗaya shimfiɗe har iya ganinka, amma kowane taku da mai shi, kuma hujjar mallakar tana bakin dattawa. Wannan yankin na gidan da suka fara saran daji ne, wancan aro aka ba wasu baƙi tun zamanin kakanni suna kai ɗan dami duk shekara, can kuma burtali ne da shanu ke bi zuwa mashaya. Akwai ranar da muna cikin awo wani tsoho ya tsayar da mu ya ce, "Malam, wanga wuri ba gona na ba, gurbin kihi na, sai ka tambayi Sarkin Ruwa." Kuma gaskiyarsa, wurin busasshe ne ƙayau a lokacin, amma da ruwa ya dawo na masunta ne, su ke da ikon cewa yaushe za a shiga su, yaushe za a bar kifi ya hayayyafa. Na'ura ba ta san wannan ba, lamba kawai take ba ka.

To daga nan na fara zama da dattawan bayan la'asar, in an gama aiki a shimfiɗa tabarma ƙofar gidan maigari, sai na ga abin da muka karanta a littafi da abin da suke faɗi suna haɗuwa ta inda ban zata ba. Littafi zai gaya maka Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16 ya gina Surame, daga baya sarauta ta koma Birnin Kebbi, masu jihadi suka ci birnin a 1805, Kabawa suka tattara a Argungu aka yi ta gwabzawa da Gwandu da Sakkwato shekara da shekaru. Su kuma dattawan ba shekara suke kawowa ba, za su ɗauke ka su nuna maka ragowar ganuwa da ramin da aka haƙa kewaye da gari, su ce nan ƙofa take, in an hango mahaya mata da yara ta nan suke bi su shige cikin ruwa su ɓuya a ciyawa. Sai ka gane me ya sa gidajen suka cure wuri ɗaya a kan ɗan tudu, me ya sa unguwar Zabarmawa take gefe ɗaya ta Arawa gefe ɗaya, me ya sa har yau wasu gidaje biyu in za a yi sulhu sai an kira na uku. Ko bikin kamun kifin da duniya ta sani, wanda aka faro a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, su a wurinsu alamar ƙarshen waccan gabar ce, kuma al'adun masunta na gyaran ruwa da fashin ruwa sun girmi bikin nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maganar ambaliya. A 2010 da 2020 ruwa ya ci shinkafa mai yawan gaske a Kebbi, na ga magidanta suna kuka da hawaye. Amma ka lura da kyau, tsohon gari da kufan da aka tashi daga cikinsu kusan duk kan tudu suke, sabbin gidajen da aka gangara da su kusa da hanya su ruwa ya fi ci. Mutanen zamanin da sun san iyakar ruwa, sun kuma riƙe shinkafar gida mai jan ƙwaya wadda ke tsawo tana bin ruwa in ya ƙaru. Ba ta kai sabon iri yawan buhu ba, wannan gaskiya ne, ni ma sabon irin nake rabawa, amma ina jin zafin yadda take ɓacewa, yanzu sai ka yi yawo kafin ka samu tsohuwar da ta ajiye ta a tulu.

Kuma tsofaffin matan nan, kai, su ne rumbun tarihin. Maigari zai jero maka sunayen waɗanda suka yi sarauta, amma wa ya auri wa, wace shekara aka yi yunwa aka ci me, wane gida ne suka zo daga Dandi, duk wannan a waƙar daka da ta niƙa yake, ni kuma namiji ba ko'ina zan shiga ba. Injin niƙa ya zo, waƙar ta tafi, masu ita kuma kullum raguwa suke.

Yanzu duk garin da aka tura ni, kafin in fito da na'ura sai na gaida maigari na roƙi a haɗa ni da dattijo mafi shekaru da kuma Sarkin Ruwa in akwai. In sun yarda ina ɗaukar muryarsu a waya, in tura wa hedimastan firamaren garin kwafi saboda yara su ji da kunnensu. Ɓangaren mata kuwa wata malamar asibiti ce ta karɓi aikin, in ta je awon ciki ko rigakafi sai ta zauna da su ta ɗauko, har ta fara tura min.