Ranar da Aka Kalli Hulata Maimakon Fuskata

Daren Talatar da ta wuce na leƙa ɗakin ɗan ƙanwata a gidanmu da ke Unguwar Rimi, na same shi kishingiɗe a kan katifa, waya a hannu, alhali washegari zai yi jawabi a wani taron matasa ta Zoom, manhajar yin taro ta bidiyo a intanet. Na tambaye shi ko ya gwada muryarsa da kyamararsa, sai ya ce, "Kawu, ai linki kawai zan danna in shiga." Gabana ya faɗi, domin wannan amsar ce na bai wa kaina a shekarar 2020.

A ƙarshen watan Maris na waccan shekarar gwamnatin Kaduna ta kafa dokar hana fita saboda cutar korona, tarurruka suka koma intanet, wata ƙungiyar malamai kuma ta ba ni minti 15 in yi bayani kan koyar da yara karatu a gida. Mutumin da ya shafe fiye da shekara 20 yana tsayawa gaban aji, me zai tsorata shi a gaban kwamfuta? Na sa babbar riga, na kafa hula, na zauna taga na bayana da hantsi, ban san cewa hasken da ke bayan mutum yana mayar da shi baƙar inuwa a idon kyamara ba. Da aka ba ni dama na shiga gaisuwa kamar yadda muka saba a zauren taro: shugaban taro, iyayen ƙungiya, manyan baƙi, kowa da sunansa da muƙaminsa, har minti 7 suka tafi ban taɓa batun da aka kira ni dominsa ba. Daga nan na sunkuyar da kai ina karanta takarda shafi bayan shafi, abin da jama'a suka yi ta kallo kuwa shi ne ɗinkin saman hulata.

Har yanzu ban yarda cewa gaisuwar laifi ce ba, domin haka aka rene mu, kuma wanda ya tsallake dattijo bai ambace shi ba zai ji a jikinsa bayan taro. Babu kuma wanda ya koya mana wannan fasaha, an jefa mu cikinta ne rana tsaka. Sai dai abin da ya biyo baya ba ni da wanda zan ɗora wa. Masu shirya taron suna amfani da Zoom na kyauta ne, wanda ke yankewa bayan minti 40, sai ya yanke ina tsakiyar jimla. Da muka sake shiga na ɗauka makirufona a kashe yake, na juya na ce wa maiɗakina shugaban taron bai san aikinsa ba. Shiru ya ratsa taron, sannan shugaban da kansa ya ce cikin natsuwa, "Malam, muna jin ka." Na ba shi haƙuri ya kuma yafe, amma in muka haɗu a ɗaurin aure har yau nakan rasa inda zan sa idona, ko da yake, a gaskiya, shi ma da ya gargaɗe mu tun farko cewa taron zai yanke.

Na yi niyyar jera wa yaron nan shawarwari goma, amma da na ga yana saurarona da kunne ɗaya, ɗayan da abin jin kiɗa a ciki, na taƙaita. Ka ɗauka makirufonka a kunne yake daga shigarka har fitarka, ka kuma kashe shi duk lokacin da ba kai ke magana ba, domin ƙarar janaretan maƙwabci da kukan yara duk taron ke shan su. Ka fuskanci taga, ka ɗora wayar a kan littattafai daidai tsayin idonka, ka yi caji ka sayi data tun da dare saboda wuta ba ta da alkawari. Idan masu taron suna waje ka tabbatar da agogon da ake nufi: Nairobi tana gabanmu da awa 2, Landan kuwa daidai take da mu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin tana bayanmu da awa 1.

Gaisuwa kada ta wuce jimla biyu. Amma kuma abin da nake gani a wajen yaran yanzu, mutum ya faɗo taro babu sallama, kyamara a kashe, sunan wasa a rubuce a maimakon sunansa na yanka, wannan rashin tarbiyya ne, gara ma doguwar gaisuwata. Kada ka karanta takarda, ko da yake wanda bai rubuta komai ba yakan yi ta kewaye-kewaye har lokacinsa ya ƙare, saboda haka ka rubuta, ka dai riƙa ɗaga kai.

Da safe na sake leƙawa na tarar ya ɗora wayar a kan littattafai uku, ya sa riga mai kyau, amma ya zauna taga na bayansa. Ban ce masa komai ba, na kama kujerar na juya ta.