Girka WordPress da hannu a kan hostin: zip ake ɗorawa, ba fayil ɗaya-ɗaya ba

Kamfanonin hostin da yawa suna da maɓallin da ke girka WordPress, manhajar gina shafin intanet, da dannawa ɗaya, irin su Softaculous. Amma ba kowane ke da shi ba, kuma wanda ya girka da hannunsa shi ya san inda zai leƙa ranar da shafi ya ƙi buɗewa.

Ka fara da rumbun bayanai. A cikin cPanel, wato allon da kake sarrafa hostin ɗinka da shi, ka shiga MySQL Databases (a sababbin cPanel sunansa Manage My Databases). In naka na Faransanci ne, kamar yadda ake yawan gani a Garwa da Marwa da Ngaundere, za ka tarar da Bases de données MySQL. Ka ƙirƙiri rumbu, ka ƙirƙiri mai amfani da kalmar sirri mai ƙarfi, sannan ka haɗa su ka ba shi ALL PRIVILEGES. Wannan haɗawar ita ake yawan mantawa. Ka lura kuma cPanel yana liƙa sunan asusunka a gaban sunan da ka zaɓa: ka rubuta labarai, ya mai da shi asusu_labarai. Cikakken sunan za ka kwafe.

Sai ɗora fayiloli, kuma nan ne aikin ya fi lalacewa a wajenmu. WordPress fayiloli ne dubbai ƙanana. In ka kwance zip ɗin a kwamfutarka ka tura su ta FileZilla, manhajar tura fayiloli zuwa sabar, rezo ya yanke ko wuta ta ɗauke, sai wasu su maƙale a hanya, wasu su isa rabi. Shafin zai fito fari fat, ko ya ce ya rasa wani fayil a wp-includes, ka kwana kana neman laifin da ba naka ba. Saboda haka ka sauke zip ɗin daga wordpress.org, ka ɗora shi dunƙule ta File Manager cikin public_html, foldar da fayilolin shafinka ke zama, ka danna Extract. Ko ta MTN kake ko Orange ko Camtel, fayil ɗaya ya fi sauƙin sake turawa in ya yanke. Bayan kwancewa komai yana cikin wata folda mai suna wordpress. Ka kwaso abin da ke ciki zuwa public_html, in ba haka ba adireshinka zai ƙare da /wordpress. In ka tarar da index.html na kamfanin a wurin, ka goge shi, don sau da yawa sabar shi take fara nunawa.

Yanzu ka kwafi wp-config-sample.php ka sa masa suna wp-config.php. Ka cike DB_NAME, DB_USER da DB_PASSWORD da sunan rumbun, sunan mai amfani da kalmar sirrin da ka ƙirƙira. DB_HOST galibi localhost ne, sai in kamfanin ya ba ka wani. Kada ka gyara shi da Word, domin yana lanƙwasa alamomin zance, PHP kuwa, yaren da aka rubuta WordPress da shi, ba ya gane su. Editan cPanel ko Notepad++ ya wadatar. DB_CHARSET ka bar shi yadda ka same shi. Tun 2015 WordPress ke aiki da utf8mb4, wani nau'in tsarin haruffa na UTF-8, UTF-8 kuwa shi ne ke riƙe mana ƙ da ɗ da ɓ, kada su koma alamar tambaya a tsakiyar rubutu.

Ka buɗe adireshin shafinka, ka sa take, sunan shiga (ban da admin, shi masu kutse ke fara gwadawa) da imel. In ya ce Error establishing a database connection, cikin abu huɗun nan na wp-config.php ne ɗaya ya kuskure, ko ba a haɗa mai amfani da rumbun ba. In adireshin ma bai buɗe ba, kuma sabon domen ne na .cm ko .td, ka yi haƙuri, DNS, mai haɗa domen da sabar, kan kai awa 48 kafin ya bazu.

Izinin folda 755, na fayil 644. Kada wani ya ce ka sa 777 don hoto ya ƙi hawa. Ka kunna SSL, mai sa adireshi ya zama https, ka shiga Permalinks a Settings na WordPress ka danna Save don a rubuta .htaccess, sannan ka goge zip ɗin daga public_html.