Yaron da yunwa ke kumbura wa hanta

Akwai yaran da ake haifa jikinsu bai iya ƙona kitse ya mai da shi ƙarfi ba. Lafiyayyen yaro in ya kwana bai ci ba, hantarsa na sakin sukarin da ta adana, in ya ƙare ta koma kan kitse. Shi kuwa wannan, da sukarin ya ƙare sai kitse ya taru a hanta, ta kumbura, sukarin jini ya faɗi. Likitoci na kiran ire-iren wannan ciwo MCAD, VLCAD da LCHAD. Gado ne daga uwa da uba duka, kuma in dukansu biyu na ɗauke da shi, kowane cikin da suka samu, yiwuwar ciwon 1 cikin 4 ce. Shi ya sa auren zumunci ke ƙara haɗarin.

Yawanci da asuba abin yake tashi. Yaro ya wuni da zazzaɓi ko amai, ya ƙi nono, ya kwana ciki wayam, gari ya waye jikinsa ya saki, ana tashinsa yana komawa barci, wani har da jijjiga. A Kano maleriya ake fara zargi, kuma daidai ne a gwada ta. Amma in gwajin bai nuna komai ba, ga hanta ta kumbura, ga sukari ƙasa, fitsari kuma babu ketone (sinadarin da jiki ke samarwa in ya ƙona kitse) ko kuma ɗan kaɗan ne, to a ɗebi jini da fitsari a lokacin, domin gwajin acylcarnitine, wanda ke taimakawa wajen gano ciwon da nau'insa. Bayan yaro ya warware, sakamakon na iya rikitarwa. Tun yana cikin ciwon sai a ɗaura masa ruwan glucose mai kashi 10 ba ɓata lokaci, a nemi sashen yara na babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

A gida, babban magani shi ne kada ya daɗe da yunwa. Jariri a ba shi nono duk awa 3, har cikin dare, ko da sai an tashe shi. Yayen da ake yi rana ɗaya, a kai yaro gidan kaka ya kwana biyu yana ƙin kunu, haɗari ne sosai gare shi. Haka azumin gwaji da yara ke sha'awa. Ruwan gishiri da sukari shi kaɗai ba ya wadatarwa, sukarinsa ya yi kaɗan. In amai ya hana shi riƙe abin sha, asibiti ne kai tsaye.

A guji aspirin da valproate (wani maganin farfaɗiya). Man MCT, wani mai na musamman da likita ke ƙarawa a abinci, na taimakon masu VLCAD da LCHAD, amma yana cutar da mai MCAD, don haka ba a ba da shi sai an tabbatar da nau'in.