Gari, tsaki da baƙin mai

Makon jiya na miƙa makullin ɗakin gwaji, bayan shekara biyu ina niƙa da tankaɗe kamar mai shirin tuwon biki. Ƙannena na unguwannin Asawase da Aboabo a Kumasi da suka shigo sashenmu na jami'a bana sun ce in bar musu shawara. To ga ta.

Aikina a kan tarkacen da zai iya shanye mai ne idan ya malale a kan ruwa: ɓawon kwakwa, buntun shinkafa, garin katako da nake ɗebowa a Sokoban, da audugar rimi. Tun da aka fara haƙo mai a filin Jubilee da ke tekun Ghana a Disambar 2010 fannin ya yi kasuwa. Ɗanyen mai ba ya samuwa da sauƙi, sai na riƙa roƙon baƙin mai wurin makanikai a Suame Magazine.

Abin da littafi ya ce gaskiya ne: in ƙwaya ta koma rabin girmanta, fuskar da mai zai manne wa a kowane giram ta ninka. Don haka na jera rariya, daga milimita 2 har ƙasa zuwa maikiron 125, wato kashi ɗaya cikin takwas na milimita. In zuba mai a kan ruwa, in barbaɗa, in kwashe, in tsane, in ɗora a sikeli. Kullum mafi laushi shi ya fi nauyi. Wata huɗu ina murna.

Ashe ruwa nake aunawa. Ɓawon kwakwa da katako masoya ruwa ne, kuma gwargwadon laushinsu gwargwadon saurin jiƙewarsu. Ni kuwa duk nauyin da ya ƙaru sai in rubuta shi a matsayin mai. Dattijon da ke kula da ɗakin ya taɓa tsayawa a bayana ya ce, "Yaro, ka cire ruwan?" Na kai maganar ga Dokta mai duba aikina. Ya dubi zanen sakamakon, ya ce layi ya miƙe sarai, kada in bar ma'aikaci ya rikita ni, lokaci ya ƙure.

Ranar kare aikin, tambayar farko da baƙon malami ya yi ita ce ta dattijon nan, kalma da kalma. Na juya na dubi Dokta. Yana latsa waya. Da ya ɗago sai ya ce, "Na sha gaya masa." A gaban mutum bakwai. Ba zan ce ƙarya ya yi ba, tunda babba ba ya ƙarya, sai dai mantuwa. An ƙara mini zango guda, kuma kuɗin makaranta ba shi ya biya ba.

Daren nan ina ba Mma labari tana tuƙa tuwo, ba ta ma juyo ba ta ce, "Kai da boko. Gari in ya cika laushi ka zuba shi a ruwa ai gudaji yake yi, waje jiƙe, ciki busasshe." Da na sake aikin, abin da na gani ke nan. Gari mai laushin yana dunƙulewa, mai bai kai cikinsa ba, ya sha ruwa ya nutse da ɗan man da ya kama, wato ya sauke ƙazantar ƙasa inda ba mai kwaso ta. Wani kuma ya zurare ta ragar kwasa. Tsaki matsakaici ya fi daɗewa a sama kuma yana kwasuwa. Rimi kam kada ku taɓa niƙa shi: zarensa bututu ne mai rami, da kakin da ke korar ruwa a jikinsa, injin niƙa yana farfasa ramin da man zai shiga ne.

Sauran ba su da yawa. Ku busar da kaya kafin awo. Ku gwada a ruwa zalla tukuna. Ku gaida dattijon ɗakin gwaji, ku kai masa goro. Duk abin da malami ya ce ku bari, ku tura masa saƙo ya maimaita a rubuce.

Takardar da ta fito daga aikin na biyu, sunan Dokta ne a gaba. Na buga kwafi ɗaya na kai wa dattijon, ya karɓa da hannu biyu, ya sa a aljihun tebur inda yake ajiye burushin wanke rariya.