Ƙwallon da ta ƙi shiga kwando, ta wa ce?

Ana harba ƙwallo, idon ɗan wasa sai ya bi ta sama. Wannan ɗabi'ar nake fara yaƙa a duk ƙungiyar ƙwallon kwando da nake horarwa, domin mai kallon sama ba ya ganin wanda ya zagaye shi ya shige gabansa. Dokata a atisaye ita ce, ƙwallo na barin hannun mai harbi, kowa ya nemi mutuminsa ya taɓa shi, sannan ya waiwayi ƙwallo.

A taɓawar nan aikin yake. Ka ɗora damtsenka a ƙirjinsa, ka ji ɓangaren da ya nufa, ka juya a kan ƙafa ɗaya har bayanka ya manne da shi. Ƙafafu su fi kafaɗu buɗewa, gwiwa a lanƙwashe, ƙugu ƙasa, hannaye sama daidai kunne. Wanda ya miƙe ƙyam, turi ɗaya ake yi masa ya tsinci kansa a ƙarƙashin raga, inda ƙwallon da ta riga ta shiga ce kawai ke faɗowa. Wanda ya kai hannu baya ya riƙe abokin karawa kuwa, alƙalin wasa zai busa masa usur. Shi ya sa nake so a tare mutum tun yana taku biyu ko uku daga kwando.

Sai sanin inda za ta faɗo. Harbi daga bayan layin maki uku, mai nisan mita 6.75 a dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, in ya bugi ƙarfen bakin kwando nesa yake tsalle, don haka gajerun 'yan wasa na waje ma suna da rabo. Harbi daga kusurwa kuma yawanci ɗaya gefen yake faɗawa, can nake ajiye wanda ya fi kowa cafka. Dogo yana da amfani, ba musu, tunda kwando na sama da ƙasa da mita 3.05. Amma Dennis Rodman, da tsawonsa bai wuce mita biyu da kaɗan ba, shi ya fi kowa cafka a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, kakar wasa bakwai a jere, daga 1992 zuwa 1998, cikin ƙattin da suka kere shi.

Atisayen da ya fi yi mini aiki shi ne uku da uku. Ina harbi da gangan don ta ƙi shiga, kuma masu tsaro ba su da izinin taɓa ƙwallo sai ta dira ƙasa sau ɗaya. Nan take ake gane wanda ya tare mutuminsa da wanda ya dogara da tsalle. Ba sa fita sai sun ci sau uku a jere, in maharan suka taɓa ta ƙidaya ta koma sifili. Minti goma ya isa, in ya wuce haka gajiya ke kawo ture-ture da faɗa.

Cafka da hannu biyu ake yi, a jawo ƙwallo ƙarƙashin haɓa, gwiwar hannu a buɗe amma ba a wurga ta, laifi ne. Mai sauke ta zuwa ƙugu ya ba gajeru kyauta. Ya dira, ya juya wajen layin gefe, ya miƙa wa abokinsa a can, kada ya jefa ta tsakiya inda jama'a suka cunkushe.

A wajen hari ina tura mutum uku kwando, biyu su ja baya saboda ramuwar gaggawa. Wanda ya samu ƙwallo a kusa ya mayar da ita sama nan take, domin agogon harbi, wato lokacin da ake ba ƙungiya ta harba, daƙiƙa 14 yake komawa, ba 24 ba.

Bayan wasa, idan na zauna kallon bidiyo, ba yawan cafkar kowa nake fara ƙirgawa ba. A kan kowane harbin abokan karawa nakan tsayar da hoto lokacin da ƙwallo ta taɓa ƙarfe, in duba mutum nawa cikin biyar ɗinmu ke manne da nasa. Wanda na samu shi kaɗai yana kallon sama, da shi ake buɗe uku da uku a atisaye na gaba.