Kwana huɗu a Brunei, mun fara da yunwar Juma'a

Shekarata uku ina karatu a Malesiya, kuma tun zuwanmu uwargida take yi mini gorin ban taɓa kai ta ko'ina ba sai kasuwa da asibiti. Da hutun Disamba ya matso na ce to, ta zaɓi wuri. Ta ce Singafo. Na duba kuɗin masaukin can, jikina ya yi sanyi, sai na fara yi mata tallar Brunei: ƙasar Musulmi ce, jirgi daga Kuala Lumpur bai fi awa biyu da rabi ba, kuma ba sai mun riƙa leƙa kwanon mutane muna tambayar ko halal ne ba. Ta ce, "Malam, ka ce dai aljihu." Gaskiyarta. Sai a wajen canji na gane dalar Brunei daidai take da ta Singafo tun 1967, har ana karɓar kowacce a ƙasar ɗaya. Masauki ya fi sauƙi, amma kuɗin nauyinsu ɗaya.

Mai fasfon Najeriya sai da biza, kuma tun kafin a tashi ake nemanta. Wannan na yi da wuri, ban sha wahala ba. Inda na yi kuskure shi ne tsarin kwanakin. Na zauna na jera wuraren da za mu je, ban tambayi kowa yadda garin yake tafiyar da lokacinsa ba.

Ranar Juma'a da hantsi muka sauka Bandar Seri Begawan, babban birnin ƙasar. Muka ajiye kaya, muka fito neman abinci sha biyu da kwata, yarinyarmu tana ta ƙorafin yunwa. Gari tsit. Gidan abinci, kanti, har babban shagon zamani, ko'ina a garƙame. Ashe doka ce: daga sha biyu zuwa biyu na ranar Juma'a ba a ciniki. Uwargida ta koma ɗaki da ragowar biskit ɗin jirgi, ni kuwa na bi sahun jama'a zuwa masallacin Omar Ali Saifuddien, wanda aka kammala a 1958. Ƙubbarsa ta zinariya tana ɗaukar ido, ga tafki kewaye da shi, ga siffar jirgin ruwan sarauta an gina a cikin ruwan. Mutanen Shafi'awa ne, liman ya bayyana bisimilla, amma ban ji baƙunta ba ko kaɗan. Abin da ya fi burge ni allunan titi. Suna rubuta Malayanci da harufan Larabci, suna kiransa Jawi, na tsaya ina haɗa baƙi kamar ina karanta ajamin jikin tsohuwar naira.

Kuskure na biyu abin hawa ne. Man fetur yana da arha, kusan kowane gida da motarsa, don haka tasi ba ta da yawa, motocin bas kuma da wuri suke tashi daga aiki. Daren farko mun yi tsayuwar soja a bakin titi kafin wani bawan Allah ya ce mu sauke manhajar Dart ta kiran mota a waya. Da ita muka je kasuwar dare ta Gadong, kuma can ne uwargida ta yafe mini Singafo. Akwai nasi katok, shinkafa da yankan soyayyar kaza da yajinsu mai ɗan zaƙi, a ƙunshe cikin takarda, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Washegari muka gwada ambuyat, wanda ake yi da garin sago, wato sitacin da ake tatsa daga gangar jikin wata bishiya. Kamar talgen da aka manta a kan wuta yake, fari, mai danƙo, ba shi da ɗanɗano sai na miyar da ka tsoma shi. Da wani tsinken gora mai baki biyu ake nannaɗo shi, kuma ba a taunawa, haɗiya ake yi. Na yi loma uku na ajiye. Ita ta cinye nata ta jawo nawa.

Kampong Ayer kuwa ko don shi kaɗai tafiyar ta biya. Unguwanni ne a kan ruwa, gidaje bisa dirkoki, da makarantunsu da masallatansu da ofishin kashe gobara. Jirgin ruwa mai inji dala ɗaya yake tsallakar da mutum. Da yamma muka yi ciniki da wani direba ya shiga da mu cikin kogi, muka ga birai masu dogon hanci suna neman wurin kwana a kan bishiyoyi. Yarinya ta ce sun yi kama da wani kawunta, ba zan faɗi wanne ba.

Dajin Ulu Temburong ne ya wuce mu. Na karanta cewa an buɗe gada mai tsawon kilomita 30 a 2020 wadda ta haɗa yankin da sauran ƙasar, sai na ɗauka mota kawai za mu shiga. Ashe cikin dajin sai ta hannun kamfanin yawon buɗe ido, da kwale-kwale, kuma tun da wuri ake kama gurbi. Ga shi Disamba lokacin ruwa ne, kullum da rana sai an sheƙa shi. Muka hau gadar, muka juyo.

A ranar ƙarshe direban jirgin ruwa ya nuna mana rufin fadar Istana Nurul Iman ta bayan itatuwa, mai ɗakuna 1,788. Ya ce da a ƙaramar Sallah muka zo, da mun shiga, don Sarki Hassanal Bolkiah yakan buɗe ta kwana uku, a ci abinci, maza su gaisa da shi, mata su gaisa da matarsa. Uwargida ta juyo ta dube ni, ba ta ce komai ba. Tun a filin jirgi ta karɓi wayata ta fara duba kuɗin tikitin bayan azumi, kuma ta ce wannan karon ranar Asabar za mu sauka.