Kujerar da ba ta kwanciya

Na kai minti biyar ina laluben gefen kujerar ina neman maɓallin da zai kwantar da bayanta. Na danna ɗaya, fitila ta kama. Na danna wani, wata 'yar alama ta kunnu wai kada a dame ni. Ma'aikaciyar jirgi ta zo wucewa da tire a hannu, ta ga abin da nake ciki, ta tsaya ta ce ai wannan kujerar ba ta kwanciya, mutum ne ke kwanciya a cikinta. Ta ajiye min kofin abin sha ta yi gaba. Na zauna shiru ina jin kamar an yi min sakiyar da ba ruwa. Shekara da shekaru ina wuce kujerun gaba ina satar kallonsu, yau da Allah ya kawo ni ciki sai na samu wadda ba ta motsi.

A ƙarshen watan Yunin 2024 ne. A Landan nake aiki, aka tura ni wani taro na kwana huɗu a Tokiyo, kuma tsarin ofishinmu shi ne idan tafiya ta yi nisa irin wannan, ana yanka wa mutum tikitin bizines. Ba don haka ba, ni da nake zuwa Kano a kujerun baya, gwiwata na gugar kujerar na gabana har mu sauka, ina zan kai wannan kuɗin? Mai shirya mana tafiya ta zaɓo Finnair, jirgin ƙasar Finlan: awa uku daga Landan zuwa Helsinki, a sauya jirgi, sannan a miƙe zuwa filin jirgin Haneda da ke Tokiyo.

Abin da ya fara tayar min da hankali ma ba jirgin ba ne, fasfona ne. Mai fasfon Najeriya, haka ma na Gana, yana cikin waɗanda ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, ke neman bizar ratse a wurinsu ko da ba za su fita daga filin jirgi ba. Finlan kuwa tana cikin Shengen. Abin da ya fitar da ni shi ne bizar Jafan da ke manne a fasfon, domin dokar ta ɗauke wa mai bizar Jafan ko Amurka ko Kanada wannan nauyin. Duk da haka sai da na bugo shafin dokar a takarda na soka a aljihu. Wanda ya taɓa tsayawa gaban kanta da koren fasfo ya san dalili. Babu wanda ya nemi takardar, amma ban yi da na sani ba.

Filin jirgin Helsinki, wanda a zahiri yake garin Vantaa, ba shi da hayaniya ko kaɗan. Daga ƙofar da muka sauka zuwa falon hutu na masu bizines tafiyar 'yan mintuna ce. Wani abokin aikina Bature ya cika min kunne cewa akwai sauna, ɗakin nan na gumi da 'yan Finlan ba sa wasa da shi. Akwai kuwa, amma a wani ɓangare dabam na masu babban kati, waɗanda suka tsufa a sama. Tikitin bizines kaɗai ba ya kai mutum can. A nan ma na gane cewa bizines ɗin kansa hawa-hawa ne: akwai mafi arha da suke kira Business Light, wanda aka zare masa wasu abubuwa, har da shiga falon. Ni nawa ya haɗa, sa'a ce kawai, don ban duba ba. Wanda zai saya da kuɗin guminsa ya karanta abin da ke ƙarƙashin farashin kafin ya biya.

Jirgin Airbus A350 ne. Finnair ne kamfanin Turai na farko da ya fara aiki da irinsa, a 2015, shi kuma kamfanin kansa tun 1923 yake, yana cikin mafiya tsufa a duniya. Kujerar da ta ba ni kunya a 2022 suka fito da ita, suna kiranta AirLounge. Kamar rabin ƙwarya take, mai faɗi, shuɗiya mai duhu, bayanta a kafe. Jeri ɗaya mutum huɗu ne, ɗaya a kowace taga, biyu a tsakiya, don haka babu mai tsallake wani in zai zaga. Idan barci ya zo, sai ka ɗaga matokarin ƙafa, ka ɗago wani ɗan faifai da ke cike gurbin da ya rage, wuri ya zama shimfiɗa ɗaya. Ka baza 'yar katifar da suka ajiye maka, ka zame ƙasa, ƙafafunka su shige wani lungu a gaba. Har bel ɗin barci dabam yake da na zama, don kada a tashe ka idan jirgi ya shiga gargada.

Ga gaskiyar abin da na gani. Wajen kwanciya ban taɓa samun irinta a sama ba, domin ni mai kwanciya a gefe ne ina naɗe ƙafa, kuma faɗin ya ishe ni. Wajen zaman kallo kuwa sai ka yi dabara da matasai biyun da suka ba ka. Na yi ta juya su, ɗaya a ƙugu, ɗaya a wuya, kafin na gano cewa zaman da ya fi daɗi shi ne in cire takalmi in harɗe ƙafa kamar ina kan tabarma a zaure. Da na yi haka sai kujerar ta zama tawa. Mai ciwon baya da ya saba kishingiɗa rabi da rabi, ban tabbata za su shirya da ita ba.

Kofin da matar nan ta ajiye min, ruwan wasu 'ya'yan itacen daji ne da suke kira mustikka, launinsa ya fi na zoɓo duhu, ga ɗan tsami-tsami. Ta fara miƙo giya, na girgiza kai, ba ta ce uffan ba ta juyo da tiren ta ɗaya gefen. Kofin gilashi ne mai ƙuraje a jiki kamar ƙanƙara tana narkewa. Sunansa Ultima Thule, Tapio Wirkkala ne ya zana shi a 1968, kuma tun 1969 da Finnair ya fara zuwa New York ake shan abu da shi a jiragensu. Bargo da 'yar jakar buroshi da abin rufe ido kuwa na Marimekko ne, kamfanin yadin nan nasu. Ba sa ba da kayan barci. Ni da na shiga da wandon kwat, haka na kwana a ciki, na sauka da shi a yamutse kamar an ƙwato shi daga bakin kura.

Kuskurena babba a tafiyar zuwa shi ne zari. Mun tashi da yamma, tafiya awa 13 da ɗoriya, ni kuwa na ɗauka dole in ci kuɗin ofis har ƙwandala ta ƙarshe. Abincin ma da sakacina a ciki: ana neman abinci na musamman ne tun kafin ranar tafiya, ni kuma ban nema ba. Da aka kawo takardar zaɓi sai na kauce wa nama na tsaya kan kifi, da baƙin burodinsu na hatsin rai mai tauri da tsami, wanda loma ta farko ta ba ni haushi, ta uku kuma na nemi ƙari. Na sha kofi bayan abinci, abin da ba na yi ko a gida. Na kalli fim biyu. Na yi wasa da kyamarar da ke kan jelar jirgi har duhu ya rufe ta. Kafin in shimfiɗa katifa an ci fiye da rabin hanya, barcin kuma ya ƙi zuwa sai gutsi-gutsi. Na sauka Tokiyo da rana tsaka kaina kamar an ɗora dutse, washegari ina gyangyaɗi a gaban mutanen da aka turo ni in burge. Gadon da aka biya domin in isa da ƙarfina, na mayar da shi gidan sinima.

Wani abin da ya ɗan dame ni da farko shi ne ƙarancin maganar ma'aikatan. Mu da muka tashi inda gaisuwa kaɗai ke cin minti biyu, sai na ga kamar ba a yi murna da zuwana ba. Tambaya ɗaya, amsa ɗaya, murmushi kaɗan, a wuce. Can cikin dare na farka na tarar an sauya min gorar ruwan da ta ƙare, an kuma ɗauke takalmina daga hanya an jera su a gefe. Ban ga wanda ya yi ba. Daga nan na daina auna su da mudun gidanmu. Kalma ɗaya na koya a harshensu, kiitos, wato na gode, kuma ta ishe ni har na dawo.

Tsawon tafiyar kansa yana da labari. Helsinki ta yi suna ne saboda ta kan Saiberiya ita ce gajeriyar hanya tsakanin Turai da gabashin Asiya, awa tara da wani abu ka isa Tokiyo. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a Fabrairun 2022 aka rufe wa jiragen Turai sararin samaniyar Rasha, sai dole a yi zagaye. Ko dai a bi ta kudu, ta yankin Kaukasus da tsakiyar Asiya da Sin, ko a haura ta arewa. Iskar ranar ce ke raba gardama. Da za mu je ta kudu muka bi. Da za mu dawo kyaftin ya ce ta arewa za mu bi, hanyar da Finnair ya taɓa bi a 1983 lokacin da ya fara zuwa Tokiyo ba tare da yada zango ba.

A dawowa na yi hankali. Na ci abinci a ƙasa, na haɗa Magariba da Isha a ɗakin sallah na filin Haneda, na sauya zuwa wando mai laushi da tsohuwar riga. Wajen goma na dare muka tashi. Na gaya wa ma'aikaciyar kada a tashe ni don abinci, ta gyaɗa kai kawai. Fitilar bel tana mutuwa na yi shimfiɗa.

Abin da ban lissafa ba shi ne asuba. Jirgin ya nufi arewa maso gabas ne, ta gefen Kamcatka zuwa wajen Alaska, wato muna gudu muna tarar rana. Allah ya taimake ni fitsari ya tashe ni bayan 'yan awanni. Na ɗaga murfin taga kaɗan, sai ga jan layi a gefen sama alhali jikina yana ce min tsakar dare ne. Na yi alwala a ɗan banɗakin nan ina kaffa-kaffa da ruwa, na dawo na yi sallah a zaune, faɗin kujerar ya yi min rana. Da na ƙara awa ɗaya a kwance da ta wuce ni, domin daga nan rana ta fito, kuma ba ta sake faɗuwa ba har muka sauka.

Na koma barci, barci na gaske wannan karon. Da na farka taswirar allo ta rikice, ɗan jirgin yana saman duniya, ƙasashe sun kewaye shi ta kowane gefe. Na ɗaga murfin. Hasken ya soke min ido sai da na rufe na sake buɗewa a hankali. Fari fat har iyakar gani, ƙanƙara a kan teku, ta tsattsage da baƙaƙen layuka kamar ƙasar fadama da rani. Babu gida, babu hanya, babu hayaƙi. Kowa a ɗakin yana barci, sai wani dattijo ɗan Jafan a ɗaya gefen da shi ma ya ɗaga nasa murfin. Muka haɗa ido, ya ɗan sunkuyar da kai, na mayar masa. Na daɗe a wurin goshina a jikin taga mai sanyi. Kafin mu sauka aka raba mana wata 'yar takarda mai shaidar cewa mun bi ta hanyar arewa. Na yi dariya da aka miƙo min, amma na lallaɓa ta cikin fasfo don kada ta lanƙwashe.

Kafin biyar na safe muka taɓa ƙasa a Helsinki, rana ta riga ta fito, don a wannan watan tun wajen ƙarfe huɗu take fitowa a can. Na yi wanka a falon hutu, na sha shayi, na jira gari ya waye a Kano sannan na kira Hajiya. Na ba ta labarin gado a cikin jirgi, ba ta nuna ya dame ta ba. Da na ce mun bi ta inda rana ba ta faɗuwa sai ta yi shiru.

"To ya kuka yi da sallah?"

Na yi mata bayani tiryan-tiryan, tun daga Haneda har zuwa jan layin nan na taga.

"Ka dai tambayi Malam in ka zo," in ji ta. "Kuma ka taho min da takardar in gani."